Tafinta a Ƙofar Ɗakin Tiyata

Rumaisa, 'yar ƙanena, ta turo min saƙon murya ranar da sakamakonsu na jami'a ya fito. Na saurare shi da safe, a cikin motar da ke kwasar mu ma'aikatan asibiti daga unguwar Safa a Jidda. Bayan gaisuwa da neman albarka, sai ta shiga abin da ya kawo ta. Wai ita da ƙawayenta uku, dukansu Turanci suka karanta, sun yanke shawarar ba za su yi koyarwa ba. In nemo musu irin aikina a Jidda.

"Ai naki mai sauƙi ne, Gwaggo," in ji ta, tana dariya. "Wannan ya faɗa, ki faɗa wa wancan. Ga sanyin na'ura, ga fararen kaya. Yanzu ma ai ko waya tana yi."

Sau uku na maimaita saƙon nan, hannuna a haɓa. Shekara goma sha tara ina tafinta tsakanin likita da marar lafiya, ashe a gida abin da aka ɗauka ke nan. Ban ba ta amsa a ranar ba, don saƙon murya ba zai ɗauka ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ita da ƙawayenta su karanta, da duk wanda ya fito da takardar Turanci a hannu yana waige-waige.

Ni ma Turancin na karanta, kuma ban fito da ƙaramin sakamako ba. Na koyar shekara huɗu a wata makarantar 'yan mata a garinmu, sannan aka ɗauke ni kwangilar koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Safa. Shekara biyu ina ciki makarantar ta sauya mai ita. Sabon ya ce iyaye suna son malamai masu harshen Ingila, ba Turancin Afirka ba. Aka ba ni wata uku in nemi wani kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ko in tattara in koma. Mahaifiyar wata ɗalibata ce, wadda ke aiki a ofishin wani asibitin kuɗi, ta ce suna neman mai Turanci da Hausa da ɗan Larabci. Likitocinsu da yawa Indiyawa ne, masu jinya 'yan Filifin, takardu duk da Turanci, marasa lafiya kuwa rabinsu ba su jin ko ɗaya. Aka mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, hannun asibitin. Ni ma a raina na ce, wannan ya faɗa in faɗa wa wancan.

Ranar farko na je da takardar digirina a cikin jaka, da wani ƙaton ƙamus, da takalmi mai tsini. Aka miƙa ni hannun wata dattijuwa gajera mai suna Maryama, kowa yana ce mata Khala. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Ba ta gama firamare ba. Da sauya zannuwan gado ta fara aiki a asibitin, a bakin masu jinya ta tsinci Turanci. Wannan ce aka ce za ta koya min aiki. Na kalle ta, na kalli jakata.

Ita kuwa ƙafata ta kalla.

"Ya binti, biki za ki?" ta ce. "Gobe ki zo da takalmin da za ki iya tsayuwar awa tara a cikinsa. Wannan littafin kuma ki bar shi a gida, mai naƙuda ba za ta jira ki buɗe shafi ba."

Ta zaro kayan aikinta daga aljihu ta jera min a kan tebur: ƙaramin littafin rubutu da ya sha hannu, biro biyu, gorar ruwa, da wata takarda da aka lulluɓe da leda mai hoton jikin mutum gaba da baya. Shi ke nan. Littafin na lamba ne, don kunne yana riƙe magana amma yana zubar da lamba, kuma lamba ce ke kisa. Hoton na masu kunya ne, waɗanda ba za su iya kiran sunan wurin da ke musu ciwo ba, sai dai su nuna da yatsa. Har yau irin kayan nan huɗu ne a aljihuna.

Marar lafiyata ta farko wata tsohuwa ce daga wajen Sakkwato da ta zo umra, tari ya dame ta. Likita ya tambaya tun yaushe. Na juya mata da Hausa.

"Kwana biyu ke nan, 'yar nan," ta ce.

Na juya ga likita cikin Turancina mai kyau na ce kwana biyu. Ya gyaɗa kai, ya fara rubuta mata maganin mura. Sai na ji muryar Khala daga bayana.

"Hajiya, kwana biyun nan, kafin azumi ne ko bayansa?"

"Wane azumi? Ai tun kafin babbar sallar bara nake yi. Wani lokaci har da jini."

Likitan ya ajiye biro. Aka ɗauki hoton ƙirjinta a ranar, tarin fuka ne, ya ci nisa. Ni Bahaushiya, 'yar Bahaushiya, da na taso ina jin ana cewa kwana biyu ba mu haɗu ba ga wanda aka yi shekara ba a gani ba, ni ce na kusa sallamar matar nan ta hau jirgi da kwalbar maganin mura. Ranar ko abincin rana ban ci ba. Khala ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ke kalma kika ji. Ni mutum nake ji."

Wata takwas na yi a bayanta kafin ta bar ni in shiga ɗakin likita ni kaɗai. A cikinsu na gano cewa ba Turancina ne ya gaza ba, Hausata ce da Larabcina. Larabcin Islamiyya da na zo da shi, idan na yi wa 'yar Jidda sai ta ɗauka huɗuba zan fara. Hausar kuwa, ban taɓa tsayawa na duba ta ba sai a asibiti. Mace ta ce zuciyarta na tashi, amai take ji, ba likitan zuciya take nema ba. Wata ta ce tana da shawara, ba magana za ta kawo ba, idonta ne ya yi ɗorawa. Sanyi kala nawa ne a bakin mata? Kuma duk Bahaushen da likita zai tambaya yaya jiki, ko ransa na bakin fita, da sauƙi zai ce. Idan kika kai wa likita da sauƙin nan yadda ya zo, kin kashe mutum da ladabinsa. Sai ki faɗi abin da ya ce, sannan ki nemi izinin likita ki sake tambaya ta wata hanya: jiya ka yi barci? Ka iya zuwa banɗaki da kanka?

Khala tana da dokoki, ba ta taɓa rubuta su ba. Ki tsaya a gefen kafaɗar marar lafiya, ɗan baya kaɗan, don ya kalli likita ba ke ba. Ki yi magana da bakin mai maganar: idan ya ce cikina, ki ce cikina, kada ki ce wai cikinsa. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki sa zuma. Idan miji ya amsa tambayar da aka yi wa matarsa, ki fassara tasa, sannan ki juya ga matar ki sake tambayarta. Idan ba ki gane ba, ki ce ban gane ba a gaban kowa, kunyar minti ɗaya ce. Magani kuma kada ki ce sau uku a rana ki tafi. Ki ɗaura shi a kan salla, asuba da la'asar da bayan isha, ki sa mutum ya maimaita miki da bakinsa. Na taɓa ganin dattijon da aka ce ya sha ƙwaya ɗaya sau uku, ya haɗiye ukun lokaci guda don ya huta. Kwana biyu ya yi a gadon asibiti, na likita ba na Hausa ba.

Wata rana wani likita ya gaji, ya faɗi wata magana marar daɗi a kan wata mata mai sayar da abinci a unguwar Bab Makka da ba ta bin dokar cin abinci. Ya faɗa ne da Turanci, yana ganin iska ta ɗauke. Khala ta juya ga matar ta faɗa mata da Hausa, tsaf, da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Likitan ya tambaya me ta ce mata.

"Abin da ka ce, Daktur."

Na zaci ranar za a kore ta. Fuskarsa ta yi ja, ya ba matar haƙuri, kuma ban ƙara jin ya yi irin maganar a gaban marar lafiya ba. Ni dai bakina a buɗe ya wuni.

To, Rumaisa, ke da ƙawayenki, ku ji nan. Turancin da kuka karanta guga ne, rijiyar sai kun nemo ta da kanku. Mu da muka gama tare, babu wanda Turanci zalla ya ciyar. Wadda ta shiga gidan rediyo sai da ta koyi haɗa labari da riƙe murya. Wanda yake rubuta wa kamfanoni takardu sai da ya zauna ya san harshen lauyoyi. Wata tana gyara littattafan mutane kafin a buga. Wadda ta fi mu duka daraja a garinmu kuwa, har yau alli ne a hannunta, ɗalibanta sun cika asibitoci da kotuna, don haka ku daina yi wa koyarwa kallon wurin da aka jefar da wanda ya rasa. Ku zaɓi abu na biyu ku ɗora a kan Turancin, lafiya ko shari'a ko ciniki ko kwamfuta, ku nemi wanda ya iya ku durƙusa masa, ko da bai gama firamare ba. Mai son irin nawa ta fara daga asibitin garinku. Akwai tsofaffi a layi da likitan da ba ya jin Hausa, ku je ku tsaya a bayan kafaɗarsu wata shida, ku ga ko ƙafarku za ta ɗauka.

Kuma don Allah kada wani ya ruɗe ku da cewa ku shigo da bizar umra ku ɓuya, aiki zai samu. Ina ganin su. Akwai mai digiri irin naku da ke wanke tukwane a bayan Bab Makka, haƙori ya kumbura mata har ido ya rufe, tana tsoron zuwa asibiti don ba ta da iƙama. Ayyukan tebur ma yanzu yawancinsu na 'yan ƙasa ne. Jiddar da na shigo ba ita ce ta yau ba.

Maganar waya kuwa, na san ta fiye da ku, don ta taɓa cinye min aiki.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda asibitinmu ya sayo alluna masu fassara. Kamar faranti suke, a rataye a jikin kowane gado. Likita ya yi magana, allon ya maimaita da harshen da aka zaɓa. Mudir, wato shugaban ma'aikata, ya tara mu tafintoci huɗu ya yi mana godiya. Biyu aka sallama. Khala aka ce ta huta haka nan, shekaru sun ja. Ta ajiye katin wuyanta a kan teburinsa, ta ce halas, wato an gama, ta fita ko waiwaye babu, bayan shekara talatin da wani abu. Ni da yake ina iya buga takarda da Turanci, aka saukar da ni teburin karɓar baƙi a ƙasa, ina miƙa lamba ina nuna hanyar ɗakin magani. Aka gaya min a fili cewa shiga tsakanin likita da marar lafiya ba aikina ba ne kuma. Wata bakwai na yi a teburin nan. Ina jin allunan ta ƙofa suna zuba wata irin Hausa, kowace kalma daidai, amma ko ni sai na tsaya na lissafa kafin in gane inda aka dosa.

Wata safiyar Talata aka aike ni hawa na uku in kai wani fayil. A barandar da ke zuwa ɗakin tiyata na tarar da gadon turawa a tsaye, ana jiran a buɗe ƙofa. Wani dattijo ne a kai, da hular leda da rigar tiyata, ƙafarsa ta dama a naɗe da bandeji har ƙauri. Wata matashiya sanye da abaya tana jingine da bango nesa kaɗan. Ya dube ni, ya ɗan ɗago kai.

"Baiwar Allah, Bahaushiya ce?"

Na ce ita ce, Baba, sannu da jiki. Fuskarsa ta washe. Ya ce sunansa Malam Isyaku, mutumin Gumel, shekara talatin yana yi wa wani gida tuƙi a unguwar Abhur. Ciwon suga ne ya sa masa gyambo a yatsa, ya ƙi warkewa. Waccan 'yarsa ce, Amal.

"Taimaka ki tambayar min wannan yarinyar," ya ce, yana nuna mai jinyar da ke riƙe da gadon. "Kwana nawa zan yi kafin in koma tuƙi? Jikokin maigidana za su koma makaranta sati biyu masu zuwa, kuma ba su yarda da kowa sai ni."

Fayil ɗinsa yana ajiye a ƙarshen gadon, a buɗe. Ba niyyar karantawa na yi ba, ido ne ya faɗa. Layi ɗaya ne da Turanci, da manyan baƙaƙe: za a yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. A ƙasa ga sa hannunsa.

Na sake karantawa. Na dubi mutumin nan, yana murmushi yana jiran in kawo masa adadin kwanaki.

"Baba, me aka ce maka za a yi?"

"Za su cire wurin da ya lalace. Yatsan nan ne, dama ya dame ni. Wancan allon ya yi ta bayani jiya, na ji cirewa, na ji ƙasa, na ce to. Amal ma ta ce haka ne."

Na ce ina zuwa. Na ja Amal gefe. Za ta yi shekara ashirin da biyar, a wani babban kanti take aiki a Safa, haifaffiyar Jidda. Kafin in buɗe baki idonta ya kawo ruwa.

"Kin san abin da za a yi masa?"

"Na sani. Daktur ya yi min bayani da Larabci, na gane duka."

"Shi fa?"

"Wallahi ya Abla na gwada." Hausarta tana fita da ƙyar, tana haɗawa da Larabci. "Sau uku na gwada. Kalmar da na sani ita ce yanka, irin na rago da salla. Yaya zan kalli Baba in ce za a yanka shi? Sai na ce za su cire abin da ya lalace. Ya ce to. Na ce a raina ya gane. Ina so ya zama ya gane."

A daidai lokacin ƙofar ta buɗe, mai jinya ta saki birkin gadon ta ce yalla, mu je. Na san abin da aka gaya min a ofishin mudir. Na san iƙamata a hannun wa take. Na dai sa hannu na riƙe ƙarfen gadon, na ce mata da Turanci ba zai shiga ba, ta kira likita.

Likitan tiyatar ya fito da hula da takunkumi, hannuwansa a sama ya riga ya wanke. Ba'indiye ne, mun yi aiki tare shekaru, ba ya son a ɓata masa minti ɗaya. Ya ce me ya kawo ni nan, ba a ƙasa nake ba yanzu? Ya ce mutumin ya sa hannu, 'yarsa tana wurin, allo ya fassara.

Na ce, "Daktur, yanzu ya tambaye ni kwana nawa zai yi ya koma tuƙi. Yatsa yake zaton za ka cire."

Ya tsaya cak. Ya dubi Malam Isyaku, ya dubi Amal da ta juya fuska ga bango. Sai ya sauke hannuwan nan da ya wanke, ya ja takunkumin ƙasa, ya sa aka tura gadon wani ɗan ɗaki a gefe. Ya jawo kujera ya zauna daidai fuskar dattijon.

"Duk abin da na faɗa, ki faɗa," ya ce min.

Na tsaya a gefen kafaɗar Malam Isyaku, ɗan baya kaɗan. Likita ya yi magana, ni kuma na buɗe baki.

"Malam Isyaku, ka gafarce ni, jiya ban tabbatar ka fahimce ni ba. Ba yatsa zan cire ba. Ruɓar ta wuce yatsa, ta wuce idon sawu. Zan yanke ƙafarka ta dama, daga ƙasan gwiwa."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, sai da ya ɗan jima, kamar maganar tana neman ƙofar shiga.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Wace ƙafar?"

"Ta dama."

"Ta totur da birki."

Na mayar wa likita wannan ma, yadda ya faɗa. Likitan ya sunkuyar da kai.

Sai tambayoyi suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ba ta rawa. Babu wani magani? Babu, an gwada duk wanda ake da shi. Idan na ƙi fa? Dafin zai hau ya shiga jini, ba na jin za ka kai wata biyu. Idan an yanke, zan taka? Za ka taka da ƙafar roba, bayan watanni. Zan tuƙa? Na roƙi Allah a raina likita ya sassauta, don in ya sassauta ni ma zan samu abin sassautawa. Bai yi ba. Ya ce tuƙin aiki, da yaran mutane a mota, ba ya zaton za a ƙara ba shi. Na faɗa da Hausa, ban rage ko wasali ba.

Malam Isyaku ya juya kansa yana neman 'yarsa.

"Amal, kin sani?"

Ta durƙusa a gefen gadon ta kifa fuska a kan zanin, kuka ya ci ƙarfinta, tana ta faɗin samihni ya Baba, ka yafe min. Ya ɗora hannu a kanta.

"Ya isa. Ba ki da laifi. Mu ne ba mu koya miki ba."

Ya mayar da idonsa kan rufin ɗakin. Likita bai duba agogo ba, abin da ban taɓa gani ba. Can sai Malam Isyaku ya ce, "Tambayar min shi, zai ba ni rabin awa?"

Likita ya ce zai shigar da na bayansa, in ya gama ya dawo.

Na zaci waya zai nema ya kira gida. Ruwa ya nema. Amal ta kawo roba da buta, ya yi alwala a zaune a bakin gadon, ya wanke ƙafar hagu, ya shafa hannu a kan bandejin ta dama. Ya duba alamar alƙibla da ke manne a rufi. Mai jinya ta ce ya yi sallar a zaune, bai kamata ya ɗora nauyi a kan ƙafar ba. Na fassara masa.

"Ce mata na ji," ya ce. "Zaman yana nan zuwa."

Ya sauko da ƙafafun nan biyu ƙasa. Ya miƙe. Na ga gumi ya keto masa a goshi, na ga yadda ya cije leɓe, amma ya saki ƙarfen gadon ya kabbara. Raka'a biyu ya yi, a tsaye, da ruku'u da sujada, cikin rigar tiyata mai ɗaurin baya. Mai jinyar nan Kirista ce, ta ja baya ta tsaya a bakin ƙofa ta hana kowa shigowa har ya sallame.

Da likita ya dawo aka kawo sabuwar takarda. Na karanta masa ita layi-layi, ya tsayar da ni sau biyu ya nemi ƙarin bayani. Sannan ya karɓi biro, ya yi bisimilla, ya rubuta sunansa da ajami.

Da la'asar mudir ya kira ni. Na shiga ina zaton ko sannu za a ce min. Takardar gargaɗi ya miƙo: na bar teburina, na shiga aikin da ba nawa ba, na jinkirta ɗakin tiyata. Ya ce in sa hannu. Na karanta ta sau biyu don idona bai yarda ba, na sa. Tana cikin fayil ɗina har gobe. Likitan tiyatar ne ya rubuta nasa daga baya, cewa ba zai ƙara karɓar sa hannun wanda ba ya jin harshensa ba sai da mutum a tsaye a wurin. Wasu likitocin suka bi bayansa. Sai da aka yi wata huɗu ana ja, sannan aka mayar da ni sama, kwana uku a mako, daga baya duka. Allunan suna nan ba a cire ba, ni ma ina amfani da su in nuna wa ɗan Indunusiya hanyar ɗakin gwaji. Na je gidan Khala na ba ta labari, na roƙe ta ta dawo. Ta ce gwiwoyinta sun riga sun saba da zama.

Bayan kusan wata biyar ina fitowa daga ɗakin wani likita, sai na ji an ce, "Baiwar Allah." Malam Isyaku ne a kan benci, da sanda a gefe, ƙafar wandonsa ta dama ta sauka a kan takalmin da bai lanƙwasa ba. Ya rame, amma idonsa na nan. Amal ce ta kawo shi a duba masa ƙafar roba. Ya ce tuƙi ya ƙare, an ɗauki wani. Maigidan ya bar shi a ƙofar gidan na Abhur, yana buɗewa yana rufewa, yaran suna ɗaga masa hannu idan za su wuce. Amal kuma, in ji shi, kullum da yamma sai ta zauna ta ce ya koya mata Hausa, har ta fara yi masa gardama da ita.

Na ce masa ya yafe min, da bakina ya ji mugun labari.

Ya girgiza kai. Ya murza kan sandarsa.

"'Yata, da a ce na farka na laluba na ji babu, alhali ban san da maganar ba, da har in mutu ina cewa sace min ita aka yi. Da ban ƙara yarda da likita ba, da ban ƙara yarda da yarinyar nan ba." Ya buga tafin hannunsa a kan robar, ta yi ƙara. "Amma kin ga wannan? Ba ƙwace aka yi ba. Ni na bayar."